Yadda Ake Kawar da Aiptasia da Majano Daga Tankin Murjani a Kano

Mai tankin ruwan gishiri a Kano komai nasa daga nesa yake zuwa. Gishirin haɗa ruwa, duwatsun teku, murjani, kifin kansa, duk sai sun biyo ta Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, ko kuma wani ya riƙo su a jirgi ya sauka da su a filin Malam Aminu Kano. Abubuwa da yawa kan mutu a leda kafin su iso. Wanda ba ya mutuwa shi ne wanda ba ka biya kuɗinsa ba: wani ɗan animoni, wato dabbar teku mai laushin jiki da hannuwa masu harbi, mai launin ƙasa-ƙasa, da ya laɓe a ramin dutse, ko a ƙarƙashin gindin da aka manna murjani a kai. Bayan 'yan makonni sai ka ga ya leƙo yana kaɗa siraran hannuwansa. Sabon shiga har murna yake yi, ya ɗauki hoto ya tura wa abokai. In ya tambayi wanda ya sayar masa, amsar ba ta wuce, "Ai Alhaji gyara ce, ka bar shi, ado ne." Ba ado ba ne. In ka ƙyale shi, cikin 'yan watanni zai cika tankin, ya ƙone murjanin da ka kashe maƙudan kuɗi ka kawo.

Fara da tabbatar da abin da kake gani

Iri biyu ne ke addabar masu tanki. Na farko shi ne Aiptasia. Jikinsa dogo ne siriri, har kana iya hango haske ta cikinsa. A samansa akwai ɗan faifai mai baki a tsakiya, kewaye da dogayen hannuwa masu tsini. Ƙanana ba su kai rabin santimita ba, manya kuwa sukan kai santimita 5 ko su ɗara. Kai tsinke kusa da shi ka gani: kafin ka taɓa shi ya zuƙe cikin rami. In ka matsa masa, sai ya fito da wasu fararen zarurruka daga jikinsa, cike da ƙwayoyin harbi. Da waɗannan zarurruka da kuma hannuwan yake ƙona duk murjanin da ke maƙwabtaka da shi, shi ya sa za ka ga gefen da ke fuskantarsa ya tsuke, ya ƙi buɗewa, daga baya naman ya ja baya ƙashi ya fito fari.

Na biyu shi ne Majano. Shi gajere ne mai kauri, hannuwansa gajeru masu kumburin kai, launinsa kore-kore ko ruwan ƙasa, yana ɗan ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ya fi Aiptasia kyan gani, kuma ya fi shi sauƙin cirewa, amma harbinsa ba wasa.

Kada ka kashe abin da ba shi da laifi. Akwai wata tsutsar teku mai zama cikin bututu, wadda ke buɗe kai mai gashi-gashi tana tace ruwa. Duba da kyau za ka ga bututun, kuma ita amfani take yi. Haka 'ya'yan murjanin zowa, wani murjani mai laushi mai kama da ƙananan furanni, su a haɗe suke da juna ta wata shimfiɗar nama a jikin dutse, ba ɗai-ɗai suke tsaye ba.

Lokacin ƙirga su shi ne da dare, sa'a ɗaya ko biyu bayan an kashe fitila. Ɗauki tocila ka haska daga gefe, ba daga gaba ba, don inuwar hannuwan ta fito a jikin dutse. Duba bayan duwatsu, ƙarƙashin kowane gindin murjani, jikin famfunan kaɗa ruwa, cikin akwatin da ruwa ke malala zuwa ƙasa, da tankin ƙasa, wato tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, gaba ɗaya. Yawanci abin da ka ƙirga da rana bai kai abin da za ka gani da dare ba. Wannan ƙidayar ce za ta gaya maka hanyar da za ka bi: ɗaya zuwa goma aikin hannu ne, in sun kai ɗaruruwa maganar ta canza.

Abin da ya sa ba a kankare shi

Wannan shi ne ginshiƙin maganar duka. Aiptasia yana tafiya a hankali a kan dutse, kuma duk inda ya ja gindinsa yakan bar ɗan guntun nama a baya. Wannan guntun, ko bai kai kan allura ba, cikin kwanaki kaɗan zai yi baki da hannuwa ya zama cikakken animoni. Ke nan in ka sa wuƙa ko buroshi ka kankare shi a cikin tanki, ba kashe shi ka yi ba, shuka shi ka yi. Manomi ya san haka da ciyawar kiri-kiri: sara ta da fartanya ka bar gutsattsarin a gona, kowane guntu ya kama ƙasa. Famfo zai kwashi gutsattsarin ya raba wa kowane lungu. Haka in ka kama shi da matsefata ka ja, saman ne zai biyo ka, gindin yana nan a rami.

Yunwa ma ba ta kashe shi, duhu ma haka. A cikin namansa akwai wasu ƙwayoyin gansakuka masu haɗa masa abinci da haske, irin waɗanda ke cikin murjani. In ka hana shi abinci, ya rayu da haske. In ka rufe tanki da bargo, ya yi fari fat ya ci gaba da kama abin da ruwa ya kawo masa. Saboda wannan taurin rai ne masana suka mai da shi dabbar gwaji wajen binciken abin da ke sa murjani yin fari. A 2015 masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke Saudiyya suka fitar da taswirar ƙwayoyin halittarsa. A ɗakin gwaji taurin ran nasa alheri ne. A falon mutumin Kano kuwa, ma'anarsa ita ce duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba a watan Afrilu, ruwa ya haura digiri 30, murjani ne zai jigata, shi kuwa Aiptasia ko a jikinsa. Duk gurbin da murjani ya mutu ya bari, shi zai gaje.

Shiri kafin ka sa hannu a ruwa

Kusan duk hanyoyin hannu suna buƙatar ka kashe famfuna na minti 20 zuwa 30. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, don haka kada ka yi wannan aiki ranar da tankin ya kwana babu wuta, ko da tsakar ranar bazara. Jira sai batirin inbata ya cika, zafin ruwa kuma yana tsakanin digiri 24 da 27. Ka auna pH (ma'aunin tsamin ruwa) da alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana pH sauka farat ɗaya) tun kafin ka fara, ka rubuta. Lafiyayyen tanki yakan zauna a pH 8.1 zuwa 8.3, alkaliniti 7 zuwa 11 a ma'aunin dKH, gishiri 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. In tankin ya riga ya karkace, gyara shi tukuna. Aiptasia ba inda za shi.

Kayan aikin ba su da tsada. Sirinji biyu ko uku na mil 5 daga kemis, da allura siririya, da robar kanula ko guntun siririyar robar ƙarin ruwa sabuwa. Safar hannu ta roba da tabarau. Siririn tiyo irin na famfon iska, da bokiti. Sufa gulu mai kauri, wanda ba ya zuba. Ƙaramin cizal da guduma. Ka kuma haɗa ruwan gishiri kamar kashi 10 cikin 100 na tankinka ka ajiye, da ruwan da aka tace da na'urar RO mai cire ma'adinai da datti daga ruwa, ba ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa ba.

Hanya mafi tabbas: fitar da shi da mazauninsa

In animonin yana kan gindin murjani, ciro gindin daga tanki, ka ɓalle murjanin da reza ko filaya, ka manna shi a sabon gindi, ka jefar da tsohon. Shi ke nan, an gama. In kuma a kan ƙaramin dutse yake wanda za ka iya ɗagawa, fito da dutsen ka ɗora a kan tire, ka sa cizal ka fasa wurin da yake, ka haɗa da kamar santimita ɗaya na dutse ta kowane gefe da ta ƙasa. Ɗauraye wurin a bokiti da ruwan tanki, ka zubar da ruwan bokitin, sannan ka mai da dutsen. Dutse mai rai, wato mai ɗauke da ƙwayoyin da ke tace ƙazantar kifi, ba ya lalacewa don ya yi minti biyar a waje.

Majano ma haka ake yi masa, sai dai shi sau da yawa ba sai an fasa dutse ba. A waje, tura bakin cokali ko ƙaramin sukundireba a ƙarƙashin gefen gindinsa a hankali, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har ya saki gaba ɗaya. Kada ka yi gaggawa ka yaga shi.

In ramin da yake ciki ƙarami ne kuma ba shi da ƙofa ta baya, akwai dabarar toshewa. Tsokane shi ya shige, ka cika bakin ramin da sufa gulu ko ƙullin ifoksi na tanki, wato manne mai daskarewa a cikin ruwa, ka shafe har ya wuce gefen ramin. Matsalar ita ce dutsen teku duk ƙofofi ne a ciki, wani lokaci bayan sati biyu sai ka gan shi ya ɓullo ta wani gefen.

Ƙullin kalk

Ga waɗanda ke kan manyan duwatsun da ba sa ɗaguwa, wannan ita ce hanyar da na fi yarda da ita a Kano, domin garin ba ya lalacewa a hanya, ba ya buƙatar firji, kuma ɗan kaɗan ya isa. Kalk shi ne kalsiyam haidiroksaid, farin garin da masu tanki ke jiƙawa don ƙara kalsiyam a ruwa. Ruwansa yana da pH sama da 12, shi ya sa yake narkar da nama. Nemi na tanki, ko mai tsabta daga masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji. Kada ka ɗebo farar ƙasar shafen bango. Kada kuma wani ya ce maka farin dagwalon kabaid da masu walda ke zubarwa ai abu ɗaya ne. Gaskiya ne akwai sinadarin a ciki, amma haɗe yake da dattin da zai kashe maka tanki. Kanwa kuwa wani abu ne dabam, ba ta wannan aikin.

Sa safar hannu da tabarau. Zuba rabin ƙaramin cokali na garin a kofi, ka riƙa ɗiga ruwan RO kana juyawa, har ya yi kaurin da zai fita ta bakin sirinji amma ba zai watse ba in ya shiga ruwa. In ya yi ruwa, zai tashi ya zama farin hazo a tanki. In ya yi tauri, zai toshe sirinjin. Cire allura, ka sa robar kanula a bakin. In wurin yana da zurfi, ɗaura robar a jikin tsinken tsire don ta miƙe.

Da safe ya fi, jim kaɗan bayan fitila ta kama, domin a lokacin pH na tanki yake ƙasa, yana da sararin ɗaukar ƙari. Kashe duk famfuna, har da mai dawo da ruwa daga tankin ƙasa. Jira minti biyu ruwa ya tsaya cak.

Yanzu sai natsuwa. Sauke hannunka a hankali daga gefe, kada inuwarka ta faɗa kansa, kada kuma ka tura ruwa gabanka. Kai bakin robar daidai saman faifan, kamar rabin santimita, ba tare da ka taɓa hannuwan ba. Matsa sirinji kaɗan, ɗigo ɗaya ya sauka a kan bakin. Zai ɗauka abinci ne: za ka ga hannuwan sun naɗo ciki ɗaya bayan ɗaya suna rungumar farin ƙullin, faifan ya tsuke. A daidai wannan lokacin ka ƙara matsawa, ka bi shi yayin da yake nutsewa cikin rami, ka cika ramin, ka rufe kewayen gindin da ƙullin har sai ba ka ganin komai sai fari. Wanda ya tsorata shi tun farko ya shige kafin ƙullin ya taɓa bakinsa, ya yi asarar wannan zagayen, domin farin zai zauna a ƙofa ne kawai, shi kuma yana can ciki lafiya lau. Rabu da shi, ka dawo gobe.

In ɗan ƙulli ya faɗa kan murjani, zuƙo ruwan tanki da ɗaya sirinjin ka fesa masa nan take. Minti ɗaya ya isa ya bar tabo.

Bar famfuna a kashe minti 20 zuwa 30. Kafin ka kunna, ɗauki siririn tiyo ka zuƙe ƙullin da ya zube a kan yashi da narkakken naman da ya fito, zuwa bokiti. Wanda ya daskare a bakin rami bar shi a wurin. Cike gurbin ruwan da ka zuƙe da wanda ka haɗa, sannan ka kunna famfuna, ka sake auna pH bayan rabin sa'a. In ya haura 8.5, ka yi yawa. Buɗe taga, ka bar famfo ya kaɗa saman ruwa, kada ka ƙara komai ranar.

A nan ne mutane ke ɓata aiki. Mutum ya ga biyar sun mutu, daɗi ya kama shi, ya ce bari ya gama da hamsin yau. A tankin lita 200, ni ba na ba da shawarar a wuce biyar ko shida a zama ɗaya, wato mil 2 zuwa 3 na ƙulli. Ƙaramin tanki kuwa biyu ko uku. In dama kana zuba ruwan kalk wajen cike abin da ya ƙafe, musamman a hunturu da tanki ke shan ruwa da yawa saboda bushewar iska, dakatar da shi ranar. Fara da waɗanda ke taɓa murjani, sannan manya, sannan sauran.

Bayan kwana huɗu zuwa bakwai ka koma da tocila. In ka ga 'yan ƙanana sun yi zobe kewaye da inda babban yake, gindin bai mutu duka ba. Rufe su tun ba su yi girma ba. Ɗigo ɗaya ya ishi kowanne. Ka ɗauka cewa aikin na makonni ne, sau ɗaya ko biyu a mako, har sai ka yi wata guda cur ba ka ga ko ɗaya ba.

Lemon tsami, maganin kanti, da abin da za ka guje wa

Lemon tsami yana aiki, kuma ba sai ka jira kaya daga Legas ba, 'Yan Lemo ko Yankaba sun wadatar. Matse, ka tace da tsumma mai tsabta, ka zuƙa a sirinji mai siririyar allura. Bambancinsa da kalk shi ne dole allurar ta shiga jikin animonin, a gindi ko ta baki, ka tura kamar rabin mil. Shi kuma ba ya tsayawa a soke shi, don haka kuskure ya fi yawa, kuma sukan da bai kashe ba yana iya sa shi zubar da 'ya'ya. Ya fi dacewa da manya da suka fito fili, da Majano mai kaurin jiki. Tsami yana sauke pH, saboda haka da yamma ake yinsa, kada kuma a wuce mil biyu ko uku a rana. Farin binega ma haka yake.

Akwai magungunan kanti, irin su Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, da Joe's Juice, da F-Aiptasia. Yadda ake sa su daidai yake da na kalk: a kashe famfo, a ɗora a baki, a jira. Sun fi sauƙin sarrafawa, wasunsu kuma suna daskarewa su rufe ramin. In ka samu wanda zai taho maka da su, madalla. Amma kada ka zauna jiran kwalba wata biyu alhali guda uku ne a tankinka. Kafin ta iso sun zama talatin.

Sodar yin sabulu tana kashe shi fiye da komai, kuma tana ko'ina a kasuwa, amma ban ga dalilin da zai sa mai gida da yara ya kawo ta kusa da tanki ba. Ɗigo ɗaya a ido ya isa ya makantar. Fitilar leza mai ƙarfi ma haka, haskenta yana dawowa daga gilashi.

Gargaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: kada ka taɓa dafa dutsen teku, ko ka kwara masa tafasasshen ruwa, ko ka goge shi da buroshin ƙarfe a cikin ɗaki. Wasu nau'o'in zowa da danginsu Palythoa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, kuma tururinta ya sha kwantar da iyali guda a asibiti a ƙasashen waje. Ko fasa dutse za ka yi, a tsakar gida, da safa da tabarau, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Dabbobin da ke cinsa

In sun kai ɗaruruwa, ko suna bayan duwatsu inda hannu ba ya kaiwa, sai an nemi mai ci. A nan nisanmu da teku ya fi ciwo, domin waɗannan halittu ba sa jure tafiya. In za ka yi oda, kauce wa Maris zuwa Mayu saboda zafi, ka kuma yi hattara da tsakiyar hunturu, lokacin da hazo kan hana jirgi sauka kaya su kwana a hanya cikin sanyi. Yuli zuwa Satumba ya fi. A jirgi, cikin kula, ka je ka karɓa da kanka.

Mafi sauƙin samu shi ne jatan landen da ake kira fefamint, daga rukunin Lysmata na yammacin Tekun Atilantika. A 2006 masana suka gano cewa abin da ake sayarwa da suna ɗaya nau'o'i ne da dama, shi ya sa wani zai ce nasa ya share tanki cikin mako biyu, wani ya ce nasa ko kallo bai yi ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada a ba ka Rhynchocinetes, wani jatan lande mai kama da shi, a madadinsa. Na gaskiya jikinsa garai-garai ne da siraran jajayen layuka, bayansa a miƙe. Na bogin yana da doro, da manyan idanu, da fararen layuka masu haske tsakanin ja, kuma shi murjani mai laushi yake ci. Ka ce a turo maka bidiyo kafin ka biya. Idan sun iso, saba musu da ruwanka ta hanyar ɗigo na kusan sa'a ɗaya, domin canjin gishiri farat ɗaya yana kashe su. Biyu zuwa huɗu sun isa tankin lita 200. Da dare suke aiki, ƙanana suke ci su bar manya, don haka manyan naka ne da sirinji. Rage abincin da kake zubawa, ƙosasshen jatan lande ba ya farauta. In kana da kifin da ke cin jatan lande, kuɗinka kawai za ka zubar.

Wanda ya fi kowa iya aikin shi ne Berghia, wani ɗan dodon koɗi marar ƙwanso, tsawonsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, asalinsa daga tekun Fulorida a Amurka. Ba ya cin komai a duniya sai Aiptasia, kuma yana cinye shi har gindi, yana shiga ramin da allura ba ta kaiwa. Masu kiwonsa kan ce a sa ɗaya a kowace lita 40, kada kuma su gaza uku ko huɗu, don su haɗu su yi ƙwai; 'ya'yan ne ke gama aikin. Ana sa su da dare, famfo a kashe, a kwantar da kwalbarsu kusa da dutse su fita da kansu. Daga nan ba za ka sake ganinsu ba, kuma wata na farko za ka rantse kuɗinka ya tafi. Sai a wata na biyu ko na uku za ka lura animonin suna ɓacewa. Sharuɗɗansa uku: kada ka haɗa shi da fefamint, domin fefamint yana cinye Berghia, haka ma wasu kifayen da ake kira ras, ka daina sa kalk, ka bar musu abincinsu, in sun gama kuma yunwa za ta kashe su, sai ka miƙa wa wani mai tanki. Ba ya taɓa Majano.

A kifaye, ana yawan ambaton Chelmon rostratus, mai dogon baki da ratsin ruwan lemo. Kyakkyawa ne, amma ni ba zan ce mutumin Kano ya saye shi don wannan aiki ba. Yana buƙatar tanki na kusan lita 300, yakan ƙi cin abinci, in ma ya karɓa sai daskararre, wanda ke buƙatar firizar da ba ta narkewa. Acreichthys tomentosus ya fi shi juriya, ƙarami ne, yana karɓar abinci, wani lokaci har Majano yake ci. Aibinsa shi ne in ya gama yakan juya kan zowa da murjani mai kaurin nama, don haka ka shirya inda za ka mai da shi.

In dutsen ya wuce gyara

Wani dutsen ba a ganin jikinsa saboda animoni. Ciro shi. Jiƙa shi a waje cikin bilic marar turare, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, kwana ɗaya zuwa biyu. Kada bilic ya haɗu da binega ko lemon tsami, iskar da ke fita guba ce. Ɗauraye shi sau da yawa, ka jiƙa a ruwa mai maganin cire kulorin, sannan ka shanya a rana mako ɗaya ko biyu har warin ya tafi gaba ɗaya. Wannan kam rana ba ta yi mana rowa. A hunturu ka rufa masa yadi saboda ƙura. Dutsen ya zama matacce, babu ƙwayoyin da ke tace ƙazantar kifi a cikinsa, don haka jiƙa shi a bokitin ruwan gishiri da famfo na 'yan makonni, kana auna amoniya, gubar da ruɓaɓɓen datti ke fitarwa a ruwa, kafin ya koma. Kada ka yi wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na duwatsunka haka a lokaci guda.

Tankin ƙasa da akwatin malala su ne maɓoyar da ake mantawa. Ka share sama tas, amma guda goma suna ƙasa suna aiko da 'ya'ya. Su waɗannan babu murjani kusa da su: kashe famfon dawowa, ka kwashe ruwan sashen, ka goge bangon da tsumma, ka bar shi ya bushe, ka jiƙa famfuna da bututu a binega, ka ɗauraye kafin ka mayar.

Sabon kaya

Duk murjanin da ya iso, ciro shi daga gindin da ya zo da shi ka sa a sabo. Ruwan tsoma murjani da ake sayarwa yana kashe tsutsotsi da ƙwari, amma ba ya kashe Aiptasia, kada ka dogara da shi. Ruwan leda kada ya shiga tanki. In da hali, ajiye ƙaramin tanki na lita 30 ko 40 da fitila da famfo, sabon kaya ya yi wata guda a ciki kana duba shi da tocila duk bayan kwana biyu. Wanda ba shi da wutar da za ta riƙe tanki biyu, ya sa sabon murjanin a kan ragar roba a gaban gilashi, nesa da duwatsu, inda zai iya ɗaga shi ya duba ƙarƙashinsa. Haka za ka yi wa dutse ko gansakukar tankin ƙasa da aboki ya ba ka kyauta daga nasa tankin, ko da ya ce maka bai taɓa ganin ko ɗaya ba.